Ranar da Aka Yanke Mini Wayar Eriya

Shekarun baya can, lokacin da kuɗin man fetur ya shigo ƙasar nan har mu na ƙauye muka ji ƙamshinsa, ina tuƙa wata farar akori-kura tawa ta kaina tsakanin Sabuwa da Ƙanƙara. Yaran yanzu da ke bibiyata a nan ba za su gane girman wannan magana ba. A lokacin, saurayi mai motar kansa a garinmu ko tari ya yi sai an waiwayo. Ni kuwa akwai abin da ya fi motar ma shiga raina, wato rediyon da na sa aka ɗaura mini a gabanta, da doguwar eriyarsa da ke tsaye a gefen bonet tana lilo in na shiga gargada. Kullum da safe sai na goge eriyar nan da tsumma kafin in wanke fuskata.

A shekarar ne mahaifina ya tafi aikin hajji. Manomi ne, bai taɓa wuce Zariya ba, sai ga shi cikin jirgin sama. A wancan zamani gidan rediyo kan tura ma'aikatansa ƙasa mai tsarki su ɗauki muryoyin alhazai, kowa ya faɗi sunansa da na garinsu ya gaida iyalinsa, a kawo faifan gida a riƙa sakawa bayan la'asar, yanki bayan yanki. Babu wayar salula, wasiƙa kuwa alhaji kan riga ta isowa. Wannan gaisuwa ita kaɗai ce hanyar da za ka san naka yana lafiya. Kuma sau ɗaya ake saka ta, in ta wuce ka shi ke nan.

Kafin ya tafi na matsa masa da roƙo. Shi bai ɗauki rediyo a bakin komai ba, akwatin surutu yake ce masa. Da na dame shi ya yi dariya ya ce, "To, in sun miƙo mani abin maganar, na gaishe ka. Amma kada ka sa rai."

Na sa rai mana. Tun tafiyarsa ban bar shirin nan ya wuce ni ba. Na ji alhazan garuruwan da ban taɓa zuwa ba suna gaida mutanen da ban sani ba, har na haddace yadda ake farawa. Sai wata rana da yamma, ina kan hanyar Ƙanƙara don in kwana in ci kasuwa washegari, mai gabatarwa ya ce gobe za a saka gaisuwar alhazan yankinmu. Na ƙudurta a raina zan yi lodi da wuri, in la'asar ta yi duk inda nake in tsaya, in buɗe ƙofofin mota, fasinjojina su shaida da kunnensu.

Da gari ya waye na sa motar a layi, na bar makulli wajen ɗan kamasho don ya riƙa matsar da ita, na tafi wajen wanzami. Ku ji wauta: wai don in saurari Baba da sabon aski, sai ka ce zai leƙo ta cikin rediyon ya gan ni.

Dawowata tasha ne na fara ganin abin da ban gane ba. Mai shayinmu yana da wani rediyo da ba ya mutuwa daga asuba har ya tashi. Yana hango ni ya kai hannu ya kashe. Na ce masa ya kunna mana, ya ce batir ne ya yi sanyi, alhali da kunnena na jiyo shi yana ƙara tun daga bakin hanya. Direbobin da ke kan benci suka yi tsit. Sarkin tasha, dattijon da bai taɓa gaishe ni ba sai da zagin wasa, ya tashi ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, ka karya kau?" Ya sa aka haɗa mini shayi mai kauri. Ni dai na sha, amma ina sha ina duba fuskoki. Mutanen tasha ba sa yi maka kirki haka kawai.

Da na isa motata sai na tarar da abokina zaune a gidan gaba ya harɗe. Wannan aboki nawa tare muka tashi a Sabuwa, tare muka koyi tuƙi, shi ma yana da motar da yake ja. Mutumin kirki ne, amma yana da ciwo guda: rediyona. Tun ranar da aka ɗaura shi yake bina in sayar masa, in na ƙi ya ce ai wata rana zai lalace in kawo masa da kaina.

Na ce, "Kai kuma mi kake a nan? Ina taka motar?"

Ya ce, "Ta ƙi tashi. Da kai za ni gida yau."

Na waiwaya na hango motarsa can ƙarƙashin bishiya, wadda da idona na ga ya shigo da ita jiya tana gudu lafiya lau. Na shiga na murɗa makulli, na kunna rediyo. Sai shuuu. Na juya allura hagu, shuuu. Na juya dama, shuuu. Na fita na duba eriya, tana nan tsaye yadda na goge ta. Na dawo na durƙusa na cusa kaina ƙarƙashin gaban motar, na bi bayan rediyon da hannu. Baƙar wayar nan mai kauri da ke fitowa daga eriya ta shiga bayansa, ga ta tana reto. An yanke ta. Guntun da ke ɗauke da filogin da ake cusawa cikin rediyon kuma babu shi sam.

Abokina ya leƙo ya ce, "Ɓera ne. Ka san hatsin da kake ɗauka."

Na ɗago masa bakin wayar, sumul, ko zare ɗaya bai yi tsaye ba. Na ce, "Ɓera mai reza? Kuma ya tahi da filogi zai kai wa iyalinshi?"

Ya kau da kai ya ce ai ɓerayen Ƙanƙara ba irin namu ba ne. Na tambayi ɗan kamasho wa ya taɓa motata, ya rantse bai ga kowa ba, amma yana rantsuwar yana kallon ƙasa.

Akwai mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Na ce za ni wajensa, abokina ya yi wuf ya ce bari ya riga ni ya ga ko ya buɗe. Mutumin da ko takalminsa ba ya son sunkuyawa ya ɗauka, yau shi ne da gudu. Ina tafe ina hango shi ya duƙa yana yi wa mai gyaran raɗa a kunne. Da na iso mai gyaran ya gaishe ni har da cire hula yana mayarwa, ya saurare ni, ya ce irin wannan waya babu ita a garin nan, sai Funtuwa. Na nuna masa wata nannaɗe a ƙusa a bayan kansa, iri ɗaya sak. Ya ce ta wani ce. Na ce to ya haɗa mini da wani filogin. Ya ce ba a haɗa ta, in aka haɗa sai ta ƙona rediyon. Sai daga baya na san ko guntuwar waya ya cusa a ramin eriyar, da rediyon ya ɗan kama. A lokacin ban sani ba, amma na san ƙarya in na ji ta.

Nan take na gama lissafina. Abokina ya haɗa baki da su ne. Za a yi ta yawo da hankalina, wannan ya ce babu, wancan ya ce ba ya gyaruwa, har in gaji in yarda rediyon ya mutu, shi kuma ya saye a banza ya je ya sa sabuwar waya. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ranar da ya zaɓa. Ya fi kowa sanin abin da nake jira yau, don shi na fara gaya wa.

Lodi ya cika da wuri fiye da kullum. Yawancin fasinjojin mutanen garinmu ne da suka zo cin kasuwa tun jiya. Babu wanda ya yi gardamar kuɗin kaya, babu wanda ya ce an matse shi. Wata tsohuwa ƙawar mahaifiyata, wadda ba ta shiga mota sai ta yi faɗa da kowa, ta dafa kafaɗata ta ce Allah ya yi mini albarka, ta hau bodi shiru. Wani dattijo sa'an mahaifina ya zauna gaba tare da mu, ya fito da carbi. Har wannan kirkin sai na ɗauka abokina ne ya faɗa musu wata magana a kaina.

Zan shiga sai abokina ya tare ƙofa ya ce, "Ba ni in ja. Ka ga ba ka yi barci sosai ba."

Na ce, "Ka yanke mani waya, yanzu kuma sitiyarin kake so? Matsa."

Ya ce, "Wa ya ce ni na yanke?"

Na ce, "Ɓera ya gaya mani."

Muka kama hanya. Kaka ce, ko'ina an tara dawa, ga auduga fari fat a gonaki. Da rediyona na aiki da yanzu kiɗa na tashi, ana hira daga bodi ana ƙwanƙwasa mini gilashi. Ranar kuwa har muka wuce Ruwan Godiya ban ji tarin kowa ba. In na taka mai kaɗan sai abokina ya ce in yi sannu, dattijon ya ce, "Ƙwarai kau, ɗana, ba sauri muke ba." Ni ko sauri nake, don rana na ta tafiya.

A 'Yankara na tsaya, tun da na san akwai wani mai gyara a can. Kafin in ja birkin hannu abokina ya riga ya dire. Ya dawo ya ce mutumin ya tafi gona. Muna cikin haka ga wani bawan Allah ya taho a kan keke, ya rataye rediyo a ƙaho yana ta magana. Na ɗaga masa hannu, don in ba komai in tambaye shi ko an canza lokacin shirin. Abokina ya tare shi tun daga nesa kamar ya ga ɗan uwansa da ya ɓace, ya riƙe ƙahon keken yana ta gaisuwa. Mutumin ya dube ni, ya kashe rediyonsa, ya juya kekensa ya koma inda ya fito. A nan na fara tunanin abin ya wuce cinikin rediyo, wataƙila ƙyashi ne tsagwaronsa, ba ya son a ji sunan gidanmu a rediyo ba a ji nasu ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ban taɓa zaton haka daga gare shi ba.

Na san in muka wuce Faskari sai daji, babu mai gyara, babu gidan da zan roƙa a kunna mini. Don haka na shirya masa tawa dabarar. Muna shiga garin na tsaya can nesa da rijiya, na buɗe bonet na yi ta girgiza kai, na ce injin ya yi zafi. Na miƙa masa galan na ce ya taimaka ya ɗebo ruwa. Ya kalle ni, ya karɓa. Yana shan kwana na rufe bonet, na tada mota na zagaya bayan kasuwa, inda na san wani mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota, yana da rumfa.

Dattijon da ke gefena ya ce, "Ɗana, da ka bar gyaran nan mun wuce gida. A yi shi gobe."

Na ce, "Baba, har da kai? Gobe ai an gama. Yau za a sa muryar abokinka."

Ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da jan carbinsa.

Mai wayarin ɗin baƙo ne a garin, bai san ni ba, bai san kowa a motata ba, kuma bakinsa ba ya shiru. Ya cusa kai ya duba ya ce, "Maigida, wanga aikin hannu ne. Kana da maƙiyi a kusa." Wallahi sai na ji sanyi, yau dai na sami mai gaskiya guda ɗaya. Na ce masa mahaifina na hajji, bayan la'asar za a saka gaisuwarsu, in ya gama kafin lokacin zan yi masa abin da zai tuna da ni. Ya ce haɗi ba zai yi kyau ba tun da wayar ta gajarce, gara a canza ta ɗungurungum. Ya zagaya bayan rumfa inda wata mota da ta yi hatsari ke kife, ya kwanto tata. Na ɗan ji wani iri da sa kayan motar hatsari a tawa, amma na yi bisimilla na ce a sa.

Fasinjoji suka sauko suka zauna a inuwar rumfa. Ya kwance gindin eriyar, ya kankare tsatsar wurin da wuƙa har ƙarfe ya yi fari, ya ce in ba haka ba ƙarar inji za ta riƙa shiga cikin magana. Sannan ya ɗaure bakin sabuwar wayar a wutsiyar tsohuwar, ya naɗe da salatif, ya ce in tsaya ta waje ina turawa shi yana ja ta ciki, tsohuwar wayar ta jawo sabuwar ta ramin da ta bi. Ramin ƙarami ne, ga roba a bakinsa, ƙullin ya maƙale. Muka goga masa sabulu, muka sake. Filogin sabuwar kuma ya tsage a hatsarin, sai an sa wani an like da dalma. Babu lantarki, don haka ya tura ƙarfen likin cikin garwashi yana fifitawa.

Muna tsaka da wannan sai ga abokina, galan a hannu, gumi har cikin ido. Ya zagaye rabin Faskari yana nemanmu. Bai yi mini faɗan yaudarar ba, abin da ya ƙara tabbatar mini ba shi da gaskiya. Ya ce wa mai wayarin, "Malam, zo mu gaisa ta nan gehe." Na shiga tsakaninsu na ce duk gaisuwar da za a yi a yi ta a gabana. Ya zagaya ta hagu, na zagaya. Ya dubi dattijon, dattijon ya dubi rana ya ce la'asar ta yi, a yi salla tukuna.

Wa zai ce a'a ga salla? Muka yi alwala da ruwan galan ɗin nan, dattijon ya ja mu. Ban taɓa bin la'asar mai tsawon wannan ba. Da aka sallame ya ɗaga hannu ya shiga addu'a, ya roƙa wa na raye, ya roƙa wa na kwance, ya roƙa wa matafiya, ya dawo ya sake. Ina amin ina leƙen inuwa tana ƙara tsawo. Da aka shafa muka koma, mai wayarin ya ɗauko ƙarfensa ya yi ja, zai like, sai abokina ya yi tuntuɓe da galan, sauran ruwan ya tafi kai tsaye cikin garwashin. Tuntuɓen da ko yaro ya gani ya san na ganganci ne.

A nan haƙurina ya ƙare. Na cakumi wuyan rigarsa a gaban mutane na ce, "In rediyon kake so, ka bari in ji Baba, gobe in kwance shi in ba ka kyauta, daga nan kowa ya kama gabanshi."

Bai ƙwace ba. Idanunsa sun yi ja. Ya ce, "Wallahi ba rediyonka nike so ba."

"To mi kake so?"

"Mu tahi gida. Don Allah mu tahi gida."

Na sake shi na je na roƙo garwashi wajen wata mai tuyar ƙosai, na kawo a kan murfin kwano yana ƙona mini yatsu. Na tsaya a kai har ƙarfen ya sake yin ja. Mai wayarin ya like filogi, ya hura, ya cusa shi a bayan rediyo, ya ɗaure gindin eriya. Ya ce, "Murɗa."

Na murɗa. Murya ta fito tangaram, ta fi da ma kyau. Sai dai an riga an yi nisa da shirin, wani alhaji ne daga wani ƙauye yake ta jero sunayen 'ya'yansa. Na ce shi ke nan sun sa na rasa. Na ƙure ƙara, na buɗe ƙofofi biyu, na tsuguna a gefen kujera. Wata hajiya ta yi tata. Wani ya yi tasa yana haki don tsoron abin maganar. Abokina yana tsaye a bayana, ina jin numfashinsa.

Sai na ji gyaran murya. Tun kafin ya ce uffan na san shi ne. Ya yi sallama, ya faɗi sunansa, ya ce daga Sabuwa. Ya ce, "Muna nan Madina lahiya lau, mun yi ziyara, abinci sai wanda ka zaɓa. Ina gaida uwar ɗiyana, ta kwantar da hankalinta, ƙahwar nan ta bar ciwo. Ina gaida yarona direba, ga shi na yi magana cikin akwatin nashi, sai ya ƙyale ni. Ya riƙa tahiya sannu. A kula da ba shanu ruwa. Dawar da ke rumbun gabas kada a taɓa ta sai na dawo." Aka ji yana tambayar wani ko ya isa haka, aka yi dariya a gefensa, aka wuce ga na gaba.

Daɗi ya kama ni. Ina tsugune bakina a buɗe, ina shirin in juyo in ce wa abokina duk da makircinka ga shi na ji. Mai wayarin kuwa yana tattara kayan aikinsa, bai san wanda ya yi maganar nawa ba ne, tun da ban gaya masa suna ba. Ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki. Wanga bawan Allah na Sabuwa ai shi ne aka ce ya rasu a Makka. Da sahe aka karanta sunanshi, aka maimaita da azahar. Ka ji shi kamar shina nan. Allah ya jiƙanshi."

Babu wanda ya ce ya yi ƙarya. Na juyo na dubi dattijon, hawaye na bin gemunsa. Tsohuwar nan ta rufe fuska da mayafi. Na dubi abokina. Ya durƙusa a gabana ya kama hannuwana biyu ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ka yi haƙuri. Ni na yanke."

Ban san lokacin da ya zare makullin ba. Na dai ga kaina a tsakiyarsu shi da dattijon, shi yana tuƙi. A hanya ne ya gaya mini yadda aka yi. Ina wajen wanzami aka karanta sunayen alhazan da suka rasu, kowa a tasha ya ji. Muryar da na ji an ɗauke ta ne tun suna Madina, kafin zazzaɓi ya kama shi. Sarkin tasha ya tara su ya ce a al'adarmu ba a faɗa wa mutum rasuwa a bakin hanya, balle wanda zai riƙe sitiyari da rayukan mutane a bayansa, a kai ni gida manya su gaya mini a zaure. To amma sun san ni, sun san ba na tafiya sai da rediyo, kuma ana maimaita sanarwar da rana, a sake kafin shirin gaisuwa. Shi ne abokina ya ari reza, ya bar motarsa da lodinsa na ranar kasuwa, ya biyo ni yana shan zagi. Doguwar addu'ar dattijo da ruwan da aka zubar, duk don sanarwar ta wuce ne. Ta kuwa wuce.

Har yau in na tuna ina jin kunyar cakumar da na yi masa, kuma ina jin daɗin taurin kan da na yi, duka biyun a lokaci guda. Da bai yanke wayar ba, da na ji rasuwar mahaifina ina tsakiyar gudu da mota cike da mutane, ban san abin da hannuna zai yi ba. Da kuma na bi tasu na haƙura da gyaran, da ban ji Baba ba. Abin da ya canza a halina shi ne, tun daga ranar in na ga mutane sun haɗa kai suna ɓoye mini wani abu, ba na saurin cewa cuta ce. Nakan fara tambayar kaina ko kowa nawa lafiya.

Mun isa Sabuwa ana shirin magariba, ƙofar gidanmu cike da tabarmi. Su tun safe suka ji, kuma a gidan makoki ba a kunna rediyo, maƙwabta ma duk sun kashe nasu don kara. Da na shiga wajen mahaifiyata, bayan mun yi kukanmu, tsohuwar nan ta ce mata, "Ai ya ji shi. Ya yi magana." Mahaifiyata ta ɗago ta ce, "Ya yi magana? Mi ya ce?" Sai a lokacin na gane duk zuriyarmu ni kaɗai na ji. Na faɗa mata daga sallama har ƙarshe, ban rage ko tambayar da ya yi ta ko ya isa haka ba. Da na zo kan ƙafar da ta bar ciwo sai ta yi murmushi tana hawaye, ta ce ƙarya yake, don kada ta damu ne.

Dawar rumbun gabas ba ta bari an sayar ba, ba ta bari an ci a gida ba. Ta ce ya ce sai ya dawo, tun da ba zai dawo ba sai a aika masa, aka rabar da ita sadaka. Ta rayu shekaru masu yawa bayansa. Duk lokacin da aka fara haramar tafiyar alhazai sai ta aika a kira ni, ta sa in zauna a bakin gadonta, ta gyara zama ta ce, "To, faɗa mani abin da ya ce." Ni kuma in gyara murya in fara da sallama.